Ku Tambayi Malam: Abokaina Sun Sa Kaki, Ni Ina Gida Ana Kira Na Kofa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 28, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura. A 2019 na samu gurbin karatun tattalin arziki, kwas na shekara huɗu. Korona da yajin aiki suka ja mu har 2024. Da sakamakon ƙarshe ya fito, abokaina suka fita, ni kuwa aka ce ina da kariyoba biyu, wato kwasa-kwasan da na faɗi sai na sake su, ɗaya ta lissafin ƙididdiga ce tun ta aji biyu, ga furojet ɗina, binciken da ake rubutawa a ajin ƙarshe, ban ƙarasa ba. Malam, sai da mahaifina ya kai sansa kasuwar Gujungu ya sayar kafin na yi rajistar aji huɗu. Na kasa buɗe baki in gaya masa. Na ce masa na gama, kiran bautar ƙasa nake jira. Yau shekara guda ke nan ban taka makaranta ba, ban yi rajista ba. A gari har Kofa, wato ɗan bautar ƙasa, ake kira na, iyayen yarinyar da nake nema kuma sun ce da na dawo daga sansanin bautar ƙasa za a sa rana. Wani ya ce in ba shi naira dubu 150 ya sa a gyara min sakamakon a kwamfuta. Barci ya ƙaurace min. In koma, ko in haƙura da digirin in kama noma?

Ɗanku, daga Taura

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da mai dubu 150 ɗin nan, don shi ya fi kusa da aljihunka. Ko sisi kada ka ba shi. Sakamakon jami'a ba a kwamfuta ɗaya yake kwana ba. Malamin da ya koyar da kwas ɗin yana da takardar makinsa, jami'in jarrabawar sashe yana da tasa, an karanta sakamakon a taron sashe, an kai shi tsangaya, sannan majalisar jami'a ta amince da shi. Wanda ya iya taɓa ɗaya ba zai iya taɓa sauran ba, kuma ranar tantance masu fita duk sai an jera su an kwatanta. Kariyoba da zama jarrabawa ake biyan ta, amma wanda aka kama da sakamakon bogi korar kare ake yi masa. Galibin masu irin wannan alkawari ma ba su san ƙofar ofishin ba. Su karɓe kuɗin, su kashe waya, kai kuma ba ka da inda za ka kai ƙara, don ba za ka iya faɗin abin da ka je saye ba.

To, mu zo kan ciwon. Kai kana ganin kwas biyun nan da furojet su ne bala'in da ya same ka. Ni da na karanta wasiƙarka, inda gabana ya faɗi shi ne wurin da ka ce shekara guda ba ka yi rajista ba. Ƙarin shekara a jami'a ba baƙon abu ba ne. Lokacin da nake kodinetan aji, ban taɓa ganin shekarar da aji ya fita kaf ba tare da an bar wasu a baya ba, kuma akasarin waɗanda aka bari sun dawo sun gama. Waɗanda na san sun rasa digirinsu ba daƙiƙai ba ne. Masu jin kunya ne, waɗanda suka tafi gida suka yi shiru, suna cewa sai sun samu kuɗi, sai hankalinsu ya kwanta, sai zango mai zuwa.

Abin da ba su sani ba shi ne akwai wa'adi. Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ce ɗalibi ba zai ƙara fiye da rabin tsawon kwas ɗinsa a kan lokacin da aka ɗiba masa ba. Kwas na shekara huɗu, iyakarsa shekarar karatu shida, wato zango 12. Da shekarar karatu ake ƙirgen, ba da kalandar bango ba, don haka watannin da kuka zauna a gida saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, daga Maris zuwa Disamban 2020 da kuma daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, ba su ci maka komai daga wa'adin ba. Amma shekarar da aka buɗe makaranta ana karatu, kai kana gida ba tare da takardar izini ba, wannan a kanka za a ɗora ta. Ka yi huɗu, ka zubar da ta biyar. Saura ɗaya. Bayan haka, jami'o'i da yawa suna ɗaukar wanda ya ƙi rajista zango biyu a jere, ba tare da izini ba, a matsayin wanda ya janye kansa da kansa. Wasu kuma sai an yi shekara biyu. Abin da taku jami'ar ta tanada yana cikin littafin dokokin ɗalibai da aka raba muku kuna aji ɗaya, wanda na san ko dai yana ƙasan akwati ko an naɗe ƙosai da shi.

Ga wani abin da ya sa na ce kada ka ƙara mako. Kowane kwas a zangonsa ake koyar da shi. Kwas ɗin zango na farko ba a rubuta jarrabawarsa a zango na biyu. Idan lissafin ƙididdigar nan na zangon farko ne, ka bari aka rufe rajista, to shekarar ta tafi gaba ɗaya, kuma ita ce ta ƙarshe da ta rage maka.

Saboda haka ranar Litinin ka yi sammako, ka hau mota. Kada ka tura aboki, kada ka tsaya bugun waya. Ka je wurin kodinetan ajinku da kanka, ka gaishe shi, ka ce masa kai ɗalibinsa ne da ya ɓace, ka dawo. Ba kai ne na farko da zai gani ba. Ka roƙi a buga maka cikakken sakamakonka tun daga aji ɗaya, ka bi shi layi-layi. Sau da yawa ɗalibi yana cewa kwas biyu ake bin sa, a duba a tarar uku ne, ko a tarar ɗaya daga ciki ba faɗuwa ya yi ba, makin ne ba a shigar ba, wanda takardar koke da shaidar zaman jarrabawa kan warware. Ka tambaye shi ko sunanka yana nan cikin ɗalibai, da zango nawa ya rage maka, da ranar rufe rajista. Idan ya ce sai ka rubuta takardar neman a dawo da kai, a ranar ka rubuta, ta hannun shugaban sashe. Ka faɗi dalilinka a taƙaice ba tare da ƙirƙiro rashin lafiyar da ba ka yi ba, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya ka riƙe. Takardar da ba ta da hatimi, a ofis, kamar ba a kawo ta ba ne.

Sai batun kwas ɗin kansa, wanda ya bi ka tun aji biyu. Ba sai ka gaya min yadda aka yi ba. Lokacin laccarsa ya ci karo da na ajinku, ka ce ai ka taɓa yin sa, ka ari littafin wani ana saura mako guda jarrabawa, gwajin cikin zango ya wuce ka. Alhali wannan gwajin da aikin gida su ke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa ba shi da komai a can, ya riga ya ci rabin faɗuwa. A bana ba ka da wani ajin da zai ci karo da shi. Ka zauna a layin gaba tare da 'yan aji biyu, yaran da wasunsu sa'annin ƙannenka ne, ka rubuta abin da suke rubutawa, ka nemi wanda ya fi su iya lissafi ka ce ya koya maka. Girman kai ne kaɗai zai ji ciwo.

Kuma kada ka je da niyyar ka tsallake kawai. Ba ka faɗa min CGPA ɗinka ba, wato matsakaicin makinka tun daga aji ɗaya, amma bari in yi maka misali. Kiredit shi ne nauyin da ake ba kowane kwas. Mu ɗauka ka yi rajistar kiredit 130 tun shigarka, jimillar makinka 325. Idan aka raba makin da yawan kiredit, 2.50 ke nan, daraja ta biyu ta ƙasa, wadda a ma'aunin maki biyar take farawa daga 2.40. Ka sake faɗuwa kwas mai kiredit uku, kiredit ɗinka ya koma 133, maki yana nan a 325, ka sauko 2.44. Ka faɗi na biyun, 136, ka sauko 2.39, ka faɗa daraja ta uku. Domin a yawancin jami'o'inmu sifirin da ka ci ba a goge shi ko da ka sake kwas ɗin ka haye. Yana nan cikin lissafi. Amma idan maimakon faɗuwa ka samu B a kwas ɗaya mai kiredit uku, maki 12 ke nan, daga 2.50 ka hau 2.53. Furojet kuwa yakan ɗauki kiredit fiye da kwas ɗaya, kuma a nan ne mai ƙoƙari yake samun A ko B cikin sauƙi. Ka je wurin malamin da ke duba maka shi, ka ba shi haƙuri a kan ɓacewar da ka yi, ka kai masa babi ɗaya-ɗaya. Kada ka saya a shagon buga takardu. Tambaya biyu za a yi maka ranar kare shi a gaban malamai asiri ya tonu.

Yanzu sai Baba. Na san wannan ce ke hana ka barci, ba lissafin ƙididdiga ba.

Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hukumar bautar ƙasa, NYSC, rukuni-rukuni take kiran ɗalibai a kowace shekara, A da B da C, kuma mutanen gari suna ƙirge ko ba su yi boko ba. Sun ga ɗan wane ya tafi ya dawo da kaki. Ba da jimawa ba wani abokin karatunka zai zo ɗaurin aure garinku, a tambaye shi, ya faɗi abin da ya sani ba da mugun nufi ba. A ranar, abin da zai ƙona ran mahaifinka ba faɗuwar jarrabawa ba ce. Manomi ne, ya san shekarar da aka yi shuka ruwa ya ɗauke, ya san shekarar da ambaliya ta kwashe gona ana dab da girbi, kamar yadda aka gani a Jigawa a 2022. Asarar shekara ba sabon abu ba ce a wurinsa. Abin da zai kasa haɗiyewa shi ne a majalisa ya ji labarin ɗansa daga bakin wani, bayan ya shekara yana gaya wa mutane ka gama.

Shawarata, ka fara zuwa makarantar tukuna, don ka zo masa da magana mai kai da gindi: ga abin da ake bi na, ga kuɗin rajista, ga watan da zan gama in Allah ya yarda. Idan bakinka ba zai iya ba, ka fara da mahaifiyarka, ko ka samu kawunka ko baffanka wanda Baba yake jin nauyinsa, ku shiga tare bayan sallar isha'i, lokacin da ba kowa a zaure. Ka durƙusa ka faɗi duka, har da ƙaryar da ka yi. Zai yi faɗa, wataƙila ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarka. Ka jure. Surukanka kuma manyanka ne za su je su gaya musu, ba kai ba, kuma ba ta bakin yarinyar ba. Idan sun ce za su jira, madalla. Idan sun ce ba za su jira ba, gara ka sani yanzu da a sa rana a kan maganar da ba ta da tushe.

Kuɗin rajista kada ka sake ɗora wa Baba duka. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 jami'o'i da dama sun ƙara kuɗi, na sani. Akwai asusun bashin karatu na Gwamnatin Tarayya, NELFUND, da ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Ba ruwa a bashin, kai tsaye ake biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, ana kuma ba shi naira dubu 20 a wata na ɗawainiya, biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa. Ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN, kuma sai makaranta ta tura bayananka a matsayin ɗalibinta. Ka leƙa ofishin kula da harkokin ɗalibai ka tambayi ko kana ciki. Ko babu wannan, mai kwas biyu da furojet ba kullum yake da lacca ba. Noman da kake tunanin gudu zuwa gare shi, ka yi shi yanzu, ya riƙe maka karatun. Riɗi da zoɓo suna kuɗi, kuma yankinku ba baƙonsu ba ne. Tambayar da ka yi min, digiri ko noma, ba ta taso ba. Wanda ya ci shekara huɗu da kuɗin sa guda ba ya barin abin saboda zango biyu.

Akwai wa'adi na biyu da ya kamata ka sa ido a kai, shi ne shekarunka. Dokar NYSC, hukumar da aka kafa a 1973 zamanin Janar Yakubu Gowon, ta ce wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala digiri ba zai je bautar ƙasa ba, takardar yafewa ake ba shi. Kana da 28. Idan ka gama a wannan shekarar karatu, za ka sa kakin da ake ta yi maka kirari da shi, ka kuma ci alawus ɗin naira dubu 77 a wata da aka fara biya a 2025. Idan ma ta kuɓuce, takardar yafewa ana karɓar ta wajen neman aiki kamar yadda ake karɓar ta wanda ya yi hidimar. Kada wani ya ruɗe ka da zuwa kotu rage shekaru. Ranar haihuwarka tana WAEC, tana JAMB, tana NIN, kuma saɓani a tsakaninsu ya hana mutane da yawa tafiya sansani. Tun da ka je makarantar, ka duba ko sunanka yana cikin jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar da shigarsu, don wanda ba ya ciki ba a tura sunansa bautar ƙasa.

Za ka ji masu ba ka baki suna cewa wani jinkirin alheri ne. Gaskiya ne, amma ba zan ɓoye maka ba, jinkirin yana da tsada. Wasu bankuna da kamfanoni suna sa iyakar shekara 26 ko 27 ga sababbin masu digiri, wannan ƙofar ta riga ta rufe maka. Cikakkiyar takardar sakamakonka za ta nuna kowace faɗuwa ga wanda ya nema, musamman idan ka tashi yin digiri na biyu. Ita kuwa shaidar digirin, sunanka ne a kanta da fannin da darajar da ranar da aka ba ka. Babu layin da aka rubuta shekara nawa ka yi.

Idan ka dawo daga wurin kodineta, ka sake rubuto min abin da ya ce.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni matar aure ce daga wani gari kusa da Kura. Ina da takardar shaidar malanta ta NCE, na shiga jami'a kai tsaye aji biyu don yin digirin koyarwa, na shekara uku. Na haihu ana dab da jarrabawar aji uku, ina cikin wankan jego aka yi ta, duk kwasa-kwasan zangon suka zama kariyoba. Yanzu ina shekara ta huɗu, ga wani cikin, kuma lissafina ya nuna haihuwar za ta sake faɗawa lokacin jarrabawa. Maigidana yana goyon bayana, shi yake kai ni tasha, amma uwar mijina kullum sai ta ce wannan boko ba ya ƙarewa ne, facalolina kuma suna kira na 'yar makaranta. Me zan yi?

'Yarku, daga Kura

AMSA

'Yata, Allah ya sauke ki lafiya, ya kuma saka wa maigidanki da alheri.

Abin da ya same ki a haihuwar farko bai kamata ya sake samun ki ba, domin akwai ƙofar da aka tanada, ba a dai nuna miki ita ba. Jami'a tana ba ɗalibi izinin jingine karatu na zango ɗaya ko shekara guda idan yana da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma haihuwa tana cikin dalilan da ba a musu a kansu. Bambancin mai izini da marar izini babba ne. Wadda ta yi rajista ba ta zauna jarrabawa ba, kuma ba ta rubuta komai ba, sifiri ake zuba mata a kowane kwas, ya shiga lissafin makinta. Wadda aka amince ta jingine, ba a rubuta mata faɗuwa. Idan ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya.

Sharaɗin shi ne a nema kafin lokaci. Tun yanzu da kike iya hawa mota, ki rubuta takarda ta hannun shugaban sashe, ki haɗa da katin awo da takardar likita mai nuna watan haihuwa. Kada ki ɗauka kin gama don kin miƙa. Sai majalisar jami'a ta amince an ba ki amsa a rubuce. Ki adana amsar nan inda kike adana takardar NCE ɗinki. Ki kuma tambayi kodinetanku ko zangon da aka jingine yana shiga wa'adinki, domin masu shiga kai tsaye aji biyu zango 9 ko 10 ake ba su gwargwadon dokar jami'ar, ke kuma kina cikin na bakwai ko na takwas. Da wannan amsar za ki san ko zango ɗaya za ki jingine ko za ki iya ɗaukar shekara.

Wani kuskuren da masu bashin kwas da yawa suke yi shi ne ɗibar kaya fiye da ƙarfinsu. Yawancin jami'o'i suna barin ɗalibi ya yi rajistar kiredit 15 zuwa 24 a zango, kuma dole a fara sa kariyoba kafin sababbin kwasa-kwasai. Mai goyo da ke tasowa daga Kura kullum, ga girki ga wanki, idan ta cika 24 don ta huce haushi, rabinsu za su dawo mata. Ki zauna da kodineta ku raba abin da ya rage a kan zangunan da kike da su. Batun koyarwar gwaji kuma, ki nemi a tura ki makarantar da ke kusa da gida. Ana duba irin wannan roƙo idan an yi shi da wuri.

Uwar mijinki ba maƙiyiyarki ba ce. Tsohuwa ce da take ganin kina fita da safe kina dawowa da yamma shekara da shekaru, ba ta ga abin da aka samo ba, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Aikin ɗanta ne wannan, ba naki ba. Ya gaya mata saura zango kaza, ya kuma roƙe ta ta riƙe muku yaron ranakun lacca. Tsohuwar da aka ba wa riƙon jika ta shiga cikin karatun ke nan, kuma ba kasafai mutum yake kushe abin da da hannunsa a ciki ba. Facaloli kuwa ki bar su. Da NCE ɗin da ke hannunki ma kin cika sharaɗin koyarwa a Najeriya, kuma makarantun ƙauyukanmu suna neman malamai mata ruwa a jallo. Wata rana 'ya'yansu ne za su zauna a gabanki.

TAMBAYA

Malam, ni dattijo ne daga Roni, 'yata ce take rubuta min. Ɗana ya shiga jami'a a 2018 yana karatun aikin gona. Ga shi ana shekara ta bakwai bai gama ba, alhali ɗan maƙwabcina da suka tafi kusan tare ya gama tuni. Kullum na tambaye shi sai ya ce saura kaɗan. Anya yaron nan ba korar sa aka yi yake ɓoye min ba?

Wani uba, daga Roni

AMSA

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kafin a zarge shi, mu yi masa lissafi. Digirin aikin gona ba shekara huɗu ba ne, biyar ne, kamar injiniya da lauya. Likita kuma shida. A aji huɗu ma galibi a gona da wuraren koyon aiki suke shekara. Wanda ya shiga a 2018 ya tarar da yajin aikin da aka fara a Nuwamban 2018 aka janye a Fabrairun 2019, sannan na 2020 mai wata tara wanda ya haɗu da kullen korona, sannan na 2022 mai wata takwas. Kusan wata 20 ke nan ƙofar aji tana rufe. Idan aka ɗora su a kan shekara biyar, an doshi bakwai ba tare da yaro ya faɗi ko kwas ɗaya ba. Ɗan maƙwabcin naka wataƙila kwas ɗin shekara huɗu ya yi, ko kuma makarantarsu ba ta daɗe a yajin aikin ba. Don haka yana iya yiwuwa gaskiya ɗanka yake faɗa.

Yana kuma iya yiwuwa akwai abin da ya kasa faɗa, kamar yadda ka ji a wasiƙar farko ta wannan shafi. Ba sai ka kira taron dangi ba, kuma kada ka aika wani makarantar a bayan idonsa. Ka kira shi ku biyu, ka ce masa kana so ka ga takardar rajistar kwasa-kwasansa ta bana da rasit ɗin kuɗin makaranta. Ka faɗa masa tun farko cewa ko me ke ciki ba za ka kore shi ba, don tsoron wannan ne yake sa yara ƙarya. Wanda yake karatu zai buɗe wayarsa ya nuna maka nan take, ko ya bugo ta a shagon kwamfuta a Kazaure.

Idan ya kawo, ka ba wa 'yar nan taka ta karanta maka. Ta duba shekarar karatun da ke saman takardar, ta tabbatar ta bana ce. Sannan ta duba lambobin da ke gaban kowane kwas. Idan da 5 suka fara, yana ajin ƙarshe, sai ka fara tanadin kuɗin buga furojet. Idan ta ga masu farawa da 3 ko 4 sun cakuɗa a ciki, akwai bashin da yake biya, sai ka tambaye shi guda nawa ne da kuma zango nawa makaranta ta ce ya rage masa.